Za a Sake Tayar da Masana'anta Bayan Haɗari: Me Maƙwabta ke Tsoro?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Tanki ya fashe a masana'anta, ko gobara ta tashi, ko iska mai guba ta kuɓuce ta bi gidajen mutane. An kashe wuta, an kai masu rauni asibiti, 'yan jarida sun naɗe kayansu sun tafi. Bayan 'yan watanni sai kamfani ya fitar da sanarwa cewa gyara ya kammala, ranar kaza za a koma aiki. Daga nan ne ake fara kai ruwa rana tsakaninsa da mutanen da ke kwana a bayan katangarsa.

Akan ce ai firgici ne kawai ke damun su, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ni ban yarda da wannan ba. Injiniyoyin da ke cikin harkar su da kansu sun san cewa lokacin tayar da masana'anta yana cikin lokutan da suka fi kowane haɗari a rayuwarta.

Ga dalili. Idan masana'anta na tsakiyar aiki, zafi da matsin iska da gudun sinadari a cikin bututu duk sun daidaita, kwamfuta ce ke riƙe da mafi yawansu. Ranar tayarwa kuwa komai motsi yake. Ƙarfen da ya yi sanyi yana ɗaukar zafi yana buɗewa, mahaɗar bututu na iya saki. Bawul da yawa da hannu ake buɗe su, ɗaya bayan ɗaya, kuma in an tsallake guda shi ke nan. Iskar da ta shiga bututu lokacin gyara, in ba a kore ta ba, tana iya haɗuwa da tururin mai. Ƙararrawar gargaɗi na ta kuka saboda ma'aunai ba su kai inda suka saba ba, har ma'aikaci ya gaji ya daina kula ta. Ga 'yan kwangila cike da fili. Ga shi kuma aiki ne da ake yi jefi-jefi, hannu bai saba da shi ba.

Mu dubi abin da ya faru a matatar man BP da ke Texas City a Amurka, ranar 23 ga Maris, 2005. Ana tayar da wani sashe bayan gyara. Aka riƙa ɗura mai cikin wata hasumiya mai tsayin kimanin mita 50, sama da awa uku, ba a fitar da ko ɗigo ba. Ya kamata man ya tsaya can ƙasa, bai wuce mita biyu ba. Na'urar da ke auna shi tana nuna wa mai kula da allo cewa man raguwa yake, alhali hawa yake yi har ya kusa baki. Ƙararrawa ta biyu da aka tanada don irin wannan ba ta yi ƙara ba. Da man ya yi ambaliya sai ya bi bututu zuwa wata tsohuwar ganga mai buɗaɗɗen baki, ya yi tsiri sama kamar an fasa famfo, tururinsa ya malale ƙasa, ya tarar da wata mota da aka bari a kunne. Mutum 15 suka mutu, 180 suka ji rauni. Waɗanda suka mutun 'yan kwangila ne da ke ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye dab da wurin, kuma ba su da hannu a aikin tayarwar. Bincike ya gano wasu ma'aikatan sun yi kwana 29 ko fiye a jere suna aikin awa 12.

To, idan tayarwa ta yau da kullum haka take, ina ga wadda ta biyo bayan haɗari, lokacin da kamfani ke asarar kuɗi kowace safiya kuma kowa na ɗokin a koma aiki?

Wannan gaggawar ce ta ci mutane a Flixborough ta Ingila a 1974. An ga tsaga a jikin ɗaya daga cikin manyan tukwane shida da ke jere a wata masana'antar sinadarai. Aka cire ta, aka haɗa ta huɗu da ta shida da bututun wucin gadi don kada aiki ya tsaya. Zanen bututun da alli aka yi shi a daɓen ɗakin gyara, ba tare da cikakken lissafin nauyi da matsin da zai ɗauka ba. Hankali duk ya tafi kan yadda za a tayar da wuri. Ranar 1 ga Yuni ya ɓalle. Mutum 28 suka rasu, gidaje sama da 1,800 suka lalace a ƙauyukan da ke kewaye. Ranar Asabar ce, ofisoshi babu kowa. Da ranar aiki ce, Allah kaɗai ya san adadin.

Shi ya sa in kamfani ya ce "mun gyara", mutanen unguwa suke mayar masa da "me ya jawo?" Sauya bututun da ya fashe abu ne mai sauƙi. In tsatsa ce ta cinye shi, ina 'yan uwansa da aka saka rana ɗaya, sinadari ɗaya ke bi ta cikinsu? An auna kaurinsu? A matatar Chevron ta Richmond a Kalifoniya, bututun da ya fashe a watan Agustan 2012 zaizayewa ya yi har ya koma siriri, kuma injiniyoyin kamfanin sun riga sun ba da shawarar a bincika irinsa ko a sauya. Mutum kusan 15,000 suka nemi magani saboda hayaƙin. Wane ne kuma ya yi binciken? Rahoton da kamfani ya rubuta a kan kansa, ya kulle a durowa, ba zai kwantar wa uwa mai yaro mai ciwon asma hankali ba, kuma bai kamata a zarge ta ba.

Akwai wani abin da ake mantawa: masana'antar da ke a rufe ma, tankunanta cike suke. A Visakhapatnam ta Indiya, kamfanin LG Polymers ya zauna makonni saboda kullen korona. Ana shirin komawa aiki, sinadarin sitayirin da ya daɗe a tanki ya ɗauki zafi da kansa. Cikin daren 7 ga Mayu, 2020, tururinsa ya shiga unguwanni mutane na barci. Ba a kaɗa jiniya ba. Mutane suka fito a guje suna faɗuwa a kan titi, aƙalla 12 suka rasu.

Maganar jiniyar nan ita ta fi tsaya mini a rai, domin ita ce mafi arha cikin duk abin da ake nema. Bayan bala'in Seveso na Italiya a 1976, inda guba ta kuɓuce daga wata masana'anta, Turai ta kafa doka a 1982 kan masana'antu masu haɗari, wadda ta haɗa da sanar da maƙwabta abin da za su yi in abu ya ɓaci. Amurka ta yi tata a 1986, bayan dubban da suka mutu a Bhopal ta Indiya, inda iska mai guba ta kuɓuce daga masana'anta a 1984. Amma doka a takarda ba ta tashin mai barci. Mutum yana buƙatar sanin ƙarar jiniyar da kunnensa, ya san ko gudu zai yi ko rufe tagogi, ya san ta wace hanya, ya kuma san wa zai ɗauko yaransa daga makaranta. Asibitin da ke kusa ma sai ya san sunan sinadarin tun kafin a kawo masa mutum na farko.

Ko maƙwabta na iya hana tayarwa? An taɓa yi. A garin Institute na jihar West Virginia a Amurka, wani tanki ya tarwatse a masana'antar Bayer CropScience a watan Agustan 2008, shi ma ana cikin tayar da sashe, bayan an tsallake na'urar kariya. Ma'aikata 2 suka mutu. Ƙasa da mita 30 daga wurin akwai tankin sinadarin nan da ya hallaka mutanen Bhopal. A daren, masu agajin gaggawa sun yi ta kira suna tambayar abin da ke ƙonewa, ba a ba su gamsasshiyar amsa ba. Da kamfanin ya zo sake sarrafa sinadarin a 2011, mazauna yankin suka garzaya kotu, alƙali ya ba da umarnin dakatarwa na wucin gadi, a watan Maris kamfanin ya ce ya fasa.

Rufewa ma da zafinta. Matatar Philadelphia da ta yi bindiga a 2019 ba ta sake buɗewa ba, ma'aikata sama da 1,000 suka rasa abincinsu. Da yawa cikin masu ƙorafi ba rufewa suke nema ba, mazajensu da 'ya'yansu ne ke aiki a ciki, su ne kuma za su tsaya gaban bawul ɗin ranar tayarwa.

Abin da suke nema a gaya musu kafin ranar bai fi ƙarfin kowane kamfani ba. A faɗi rana da lokaci, domin in sun ga harshen wuta a saman dogon bututu su san ƙona rarar gas ake yi ko kuwa wani abu ne daban. A fitar da duk wanda ba shi da aiki a wurin. A kafa na'urorin auna iska a bakin katanga, sakamakon ya fito fili kowa ya gani. A kawo ma'aikatan da suka yi barci. Sannan a amsa wannan a gaban jama'a, da suna da muƙami: idan ƙarfe biyun dare ma'auni ya nuna abin da ba a gane ba, wa ke da ikon cewa a tsaya nan take, ba sai ya tashi manaja daga barci ba, kuma wa ya ba shi tabbacin ba za a kore shi da safe ba?