Sharhi: Ƙwarewar ɗan takara da aljihun mai zaɓe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya bi yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya zai tuna cewa hajar da manyan 'yan takara huɗu suka fi kasawa ita ce tarihin aikinsu. Atiku Abubakar ya yi shekara 20 a kwastan, ya yi 8 yana mataimakin shugaban ƙasa. Peter Obi ya mulki Anambra, yana tinƙaho da tsimi da tanadi. Rabi'u Musa Kwankwaso ya mulki Kano sau biyu, yana nuna gadoji da ɗaliban da ya tura karatu ƙasashen waje. Shi kuwa Bola Ahmed Tinubu, wanda ya riƙe Legas daga 1999 zuwa 2007, magoya bayansa ba su gaji da maimaita magana ɗaya ba: ya tarar jihar tana tara kimanin naira miliyan 600 a wata, ya bar ta tana tara biliyoyi.

Aka yi ta tafi. Kaɗan ne suka tsaya suka tambaya: daga aljihun wa biliyoyin suka fito?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Kaso mafi tsoka na kuɗin shigar Legas harajin albashi ne, wanda ake zarewa tun kafin kuɗin ya shiga hannun ma'aikaci, sai na filaye da gidaje da sauransu. Gari ne mai tashar jiragen ruwa, mai hedikwatar bankuna da kamfanonin waya, inda albashin miliyoyin mutane yake rubuce a kwamfuta. Wanda ya koyi tara kuɗi a irin wannan wuri ya koyi wani abu na gaske, ba a musu. Amma hanyar da ya iya ita zai bi idan ya hau babbar kujera. Ke nan ƙwarewar ba ta yaudari kowa ba, ta ma faɗi abin da ke tafe ɓaro-ɓaro. Mu ne muka ɗauke ta kirari, alhali sanarwa ce.

Kuma ba a ce alamu ba su bayyana ba. Tun a watan Agustan 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa jihar Ribas ce ke da hurumin karɓar harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan cinikin kaya da ayyuka, a cikinta, ba gwamnatin tarayya ba. Legas ta bi sahu ta yi tata dokar a watan Satumba. Wato shekara ɗaya da rabi kafin zaɓe, kowa ya san rabon wannan haraji shi ne rigimar da ke jiran duk wanda ya ci. Duk da haka, a tarukan da aka yi ta yi da 'yan takara a Kaduna da Kano da Sakkwato, nawa ne aka ƙure ɗan takara aka ce masa: faɗa mana da lamba, kashi nawa za ka ba wa, kuma a kan wane ma'auni?

Sai da aski ya zo gaban goshi. A farkon Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin gyaran haraji na shugaban ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Taiwo Oyedele, ya tsara. A ciki an nemi a ɗaga VAT daga kashi 7.5 zuwa 10, a ci gaba da hawa har 15 a 2030, sannan kashi 60 na rabon jihohi ya koma bisa inda aka samo kuɗin. Ranar 28 ga watan gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Kwana uku bayan haka Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye a sake tuntuɓa. Shugaban ya ce a bar majalisa ta yi aikinta. Gwamna Babagana Zulum na Borno ya fito fili ya yi kashedin cewa Arewa za ta kwana ciki. Galibin gwamnonin da suka yi wannan kuka 'yan jam'iyyar shugaban ne, wasunsu ma da su aka yi masa yawon kamfe.

A yi wa Oyedele adalci. Hujjarsa ita ce tsohon tsarin ne ke fifita Legas, domin katin wayar da aka saya a Gusau ko buhun simintin da aka sauke a Azare, harajinsa ana rubuta shi ne da sunan inda hedikwatar kamfanin take. Ya ce sabon lissafin zai bi inda aka yi amfani da kaya ne. Magana ce mai ma'ana, wadda ya dace a baje ta a faifai tun kafin a kaɗa ƙuri'a, ba bayan an ja daga ba.

A ƙarshe dai aka sasanta. VAT ya tsaya a 7.5. Gwamnatin tarayya ta rage nata kason daga 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka riƙe 35 ɗinsu. A tsakanin jihohi kuma, rabi a raba daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi ciniki. Aka sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, dokokin haraji suka fara aiki daga Janairun 2026. Wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba an ɗauke masa harajin samu, an kuma cire VAT daga kayan abinci na yau da kullum da magani da harkar karatu. Waɗannan ba abin rainawa ba ne.

To amma a je a tambayi direban da ya yi lodin shanu a Potiskum ko albasa a Aliero zai nufi kudu. Shi harajin da ya sani ba a Abuja ake rubuta shi ba. Katako ne mai ƙusoshi da aka gitta a titi, da wasu samari masu riga mai walƙiya da damin rasit a hannu. Ya biya, ya manna takardar a gilashi, ya yi gaba kaɗan ya tarar da wani shingen, su kuma su ce wancan rasit ba nasu ba ne. Kafin ya sauke kaya gilashin ya cika da takardu, kuma duk abin da ya biya mai sayen nama da albasa ne zai ɗauka. An yi alƙawarin rage yawan irin waɗannan harajin barkatai, amma mafi yawansu a hannun jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suke. Mafi nauyin abin da ya hau kan talaka ma ba a kira shi haraji ba: janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, matakin da Tinubu da Atiku da Obi duk suka ce za su ɗauka. Nan ma a kan a janye suka haɗu, amma abin da za a yi da rarar kuɗin, a dunƙule aka bar shi.

Masu sauraro, Arewa ba baƙuwa ba ce a siyasar haraji. Shekara da shekaru jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tana yaƙi da haraji da jangali da irin wulaƙancin da ake yi wajen karɓarsu. Da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su suna hawa mulki. Babu ɗayansu da ya taɓa riƙe jiha kafin nan. Abin da suke da shi alƙawari ne mai suna, wanda manomi a Ɗambatta zai iya auna cikarsa da kansa. Ana iya jayayya kan giɓin da sokewar ta bar wa ƙananan hukumomi, kuma an yi. Amma ba wanda ya ce an shammace shi.

Yanzu ga 2027 ta ƙarato, kuma tuni aka fara karkaɗe tsofaffin takardun aiki. Wannan karon mai mulki yana da dokokin da ya sa wa hannu, za a iya auna shi da su. Masu neman kujerarsa ne ya kamata a matsa wa. Za ka bar VAT a 7.5 ko za ka ɗaga? Kashi 30 ɗin nan za ka taɓa shi? Naira 800,000 da aka yafe, za ka riƙa ɗaga ta yayin da tsada ke cinye darajarta? Da wace dabara za ka sa gwamnoni su kwashe katakon da ke kan titi? Duk wanda ya amsa da shekarun da ya yi a ofis, a sake maimaita masa tambayar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Dawanau, da na direbobi da masu fataucin dabbobi, suna da ƙarfin kiran kowane ɗan takara ya zauna gabansu, kuma su nemi ya ba su amsarsa a rubuce.