Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha a Sashen Fiziks

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, shugaban tsangaya, malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. A madadin wannan sashe ina yi maka lale marhabin. Ga nisan hanya, ga hazo ya sauko, amma ka tako ƙafa ka zo. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, aikinmu shi ne aika saƙon sirri ta haske, amma abin da za ka tarar a ɗakin gwajinmu ba wani babba ba ne. Leza ce 'yar mitsitsiya, wato na'ura mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, sai madubi a gabanta. Madubin na mayar mata da kaɗan daga haskenta, sai ta rikice, hasken ya riƙa hawa da sauka ba tsari, sau biliyoyi a daƙiƙa guda. A allon na'ura sai ka ce yaro ne ya samu gawayi ya far wa bango. Tun 1980 Lang da Kobayashi a Japan suka yi lissafin abin da madubi ke yi wa leza, kuma injiniyoyi sun daɗe suna ɗaukar wannan rikici a matsayin aibi.

A 1990 Pecora da Carroll a Amurka suka nuna cewa na'urori biyu masu hargitsi za su iya taka rawa da kiɗa ɗaya. Nan dabarar take. Mai aikawa ya cusa saƙonsa cikin hargitsin. Mai karɓa yana da tagwayen lezar, wadda ke kwaikwayon hargitsin kaɗai, ta bar saƙon. Da ya cire wannan daga wancan, saƙo ya fito fili. Ɗan leƙen asiri kuwa hayaniya zai kwasa. A 2005 an gwada haka a birnin Atina na ƙasar Girka, ta wayar gilashi da haske ke bi, mai tsawon kilomita 120, saƙo ya isa.

Mu ta iska muke son aikawa, daga rufin wannan gini zuwa na ɗakin karatu, ba haƙa rami, ba fargabar masu gyaran titi su datse waya. Sai dai iska ba ta da alƙawari. Zafin rana na sa haske ya yi ta rawa, ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi kuma tana cinye shi, sai tagwayen su saɓa. Ba ma cewa wannan zai maye gurbin lissafin ɓoye saƙo, ƙarin kwaɗo ne a ƙofa.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: wuta. Dole lezojin su zauna a ɗumi ɗaya, da an ɗauke wuta aikin yini ya rushe. Muna roƙon sola da batura kafin hazon bana ya wuce.

Yanzu sai mu ƙarasa ɗakin gwaji. Ɗalibai za su miƙa maka tabarau na kariya a bakin ƙofa, don hasken ba ya ganuwa amma yana illata ido.

Bismillah, ranka ya daɗe.