Tsibiran da ke daidaita sukarin jini

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. A bayan tumbin kowane mutum akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Yawancin aikinta fitar da ruwan narkar da abinci ne. Amma a warwatse cikin namanta akwai wasu 'yan dunƙulen ƙwayoyin halitta, kusan miliyan ɗaya, waɗanda duka-duka ba su wuce kashi 2 cikin 100 na gaɓar ba. Wani ɗalibin likitanci a Jamus, Paul Langerhans, ne ya fara hango su a madubin likita a 1869, shi ya sa ake ce musu tsibiran Langerhans.

A cikin kowane tsibiri akwai ƙwayoyin beta. Da mutum ya ci abinci sukari ya hau a jini, sai su saki wani sinadari mai suna insulin, tsoka da kitse su ja sukarin, hanta ta adana saura. Idan kuma sukarin ya yi ƙasa, ƙwayoyin alfa na tsibirin ne ke sakin wani sinadarin mai suna gulukagon, hanta ta fito da ajiyarta.

A ciwon suga nau'i na 1, garkuwar jiki ce da kanta ke far wa ƙwayoyin beta har ta ƙarar da su. Sai ka ga yaro ya sha ruwa ƙishirwa ba ta tafi ba, fitsari dare da rana, yana ci yana ramewa. Kafin 1922 irin wannan yaro ba ya daɗewa. A watan Janairun shekarar ne aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, ya kuwa farfaɗo.

Nau'i na 2, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, a hankali yake shigowa. Jiki ya daina jin insulin sosai, ƙwayoyin beta su yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru, har ƙarfinsu ya ƙare.

A nan nake roƙon masu sauraro. Idan likita ya ce lokacin allura ya yi, kada a ɗauka ciwo ya kai gargara; abin da tsibiran suka gaza bayarwa ne ake mayar wa jiki. Mai nau'i na 1 kuwa, don Allah kada a dakatar masa da allura don an ga ya murmure. Idan aka dakatar, cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ma ƙasa da haka, jininsa na iya yin tsami, ya kama amai da haki har ya suma.