Idan gwajin rukunin jini ya saɓa wa kansa

Rabi: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malam Bashir, ga mara lafiya kwance yana jiran ƙarin jini, a ɗakin gwaji kuma sakamako biyu sun ƙi jituwa. Yaya ake yi?

Bashir: To Hajiya, rukunin jini ta fuska biyu ake duba shi. A ɗiga anti-A da anti-B, wato magungunan gwaji masu dunƙule ƙwayoyin A ko na B, a kan jajayen ƙwayoyin jinin, sannan a haɗa ruwan jinin da sanannun ƙwayoyin A da B. Mai rukunin A, ruwan jininsa zai dunƙule ƙwayoyin B. Tun binciken masanin kimiyya Karl Landsteiner na 1901 aka san haka. In gwaje-gwajen biyu suka saɓa, ba a rubuta sakamako.

Rabi: Ko da likita na ta bugo waya?

Bashir: Ko da kuwa. A fara duba suna da lambar kwalba, a sake ɗibo jini. Sau da yawa a nan aka yi tuntuɓe.

Zainab: Ni abin da ke damuna, Malam, masu sikila ne. Yaro rukunin A ne, makon jiya an ƙara masa jinin O a wani asibiti. Yau ka gwada, wasu ƙwayoyin sun dunƙule, wasu na yawo abinsu. Jini biyu ne a jikinsa. In ba ka tambayi uwar yaushe aka yi masa ƙarin jini ba, wallahi sai ka wuni kana zargin maganin gwajinka.

Bashir: Haka ne, Malama Zainab. Tarihin mara lafiya rabin aikin ne. Jariri ɗan ƙasa da wata 4 bai fara yin nasa ƙwayoyin garkuwar da ake nema a ruwan jini sosai ba, shi ya sa ba a yi masa gwaji na biyun. Tsoho kuma nasa sun yi rauni, sai a bar gwajin ya jima minti 15 zuwa 30.

Rabi: In kuma komai ya dunƙule fa?

Zainab: A duba a madubin likita. In ƙwayoyin sun jeru kamar an tara kwabbai, furotin ne ya yi yawa, ruwan gishiri na warware su. In sanyi ne ya jawo, a ɗumama zuwa digiri 37.

Rabi: Mai zubar da jini ai ba zai jira duk wannan ba.

Bashir: Ba zai jira ba. A ba shi jajayen ƙwayoyin O, mace mai shekarun haihuwa O negatif, a rubuta dalili a fayil, a ci gaba da bincike.