Albasar tulip: me ya sa ake binne ta ana tsaka da sanyi?

Jama'a ku kalli bishiyar nan, ja wur kamar an watsa mata manja. Nuwamba ke nan a Ingila, rana ta gajarta, ganye ya daina yin korensa, shi ne ja da ruwan ɗorawa suka samu fili. Wallahi ni duk shekara sai na tsaya na kalla. Amma mu wuce, ba shi ya tara mu ba.

Maganar da ke ta yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna nan ita ce, wai ta ya mutum zai shuka fure alhali hunturu na bakin ƙofa? Kuma ban ga laifinsu ba, mu da muka taso sai ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa ake fita shuka. Shi ne wasu suka sayo albasar tulip, wato dunƙulen mai kama da albasa da furen tulip ke tsirowa daga cikinsa, tun Oktoba, suka jibge ta a kicin kusa da hita, wai sai gari ya yi ɗumi. To nan fa aka yi ɓarnar.

Ga guda na tsaga muku ita. Kun ga ɗan abin nan a tsakiya? Furen ne, ya riga ya haɗu, kwance yake kawai yana jira, kuma sanyi yake jira. Sai ta yi wajen sati 12 zuwa 16 cikin sanyin da bai haura digiri 9 a ma'aunin Celsius ba sannan karan zai miƙe, don asalinta 'yar duwatsun tsakiyar Asiya ce, can wajen Kazakistan, ta biyo ta Turkiyya kafin ta shiga Holan, ƙanƙara ta saba da ita tun fil azal. A wannan lokacin da kake ganin lambu shiru kamar ba komai, ita tana ƙasa tana ta zuba saiwa. In ka hana ta sanyin nan, ganye zalla za ka gani, ko wani guntun fure manne da ƙasa, abin tausayi. Lambun Keukenhof na Holan ma da kaka suke binne albasa wajen miliyan 7, kuma da hannu.

Sauran mai sauƙi ne, ku bi hannuna. Rami ninki uku na tsawon albasar, kamar santimita 15, tsinin yana kallon sama. Kar ka sa inda ruwa ke kwanciya, ruɓewa za ta yi. Rufe, ɗan danna, a shimfiɗa ragar waya a kai saboda kurege, ga shi can ma kan katanga yana leƙenmu.

Don Allah iyaye mata, ita albasar dafodil, wani furen daban da shi ma ake binnewa, kamarta ɗaya da albasar miya amma guba ce, kar ta kwana a kicin, kar yara su kai hannu. Ita da wuri ake sa ta, tun Satumba. Tulip kuwa yanzu ne lokacinta, in dai shebur na iya shiga ƙasa ba ka makara ba, furen kuma sai Afrilu in Allah ya kai mu.