Ziyolait: Dutsen da ke tsince kabon dayoksaid daga cikin iska

Kowane baligi yana fitar da kusan kilo 1 na iskar kabon dayoksaid a rana ta hanyar numfashi. Mu da ke doron ƙasa ba ma ko lura, iska na kwashe ta ta yi gaba. Amma ku ɗauki 'yan sama jannati da ke zaune a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400. Can babu tagar da za a buɗe a sha iska. Abin da suka fitar yana nan tare da su, kuma idan ya taru sai ciwon kai da kasala su biyo baya, in ya yi yawa kuwa sai asarar rai.

A zamanin jiragen Apollo da suka kai mutane duniyar wata, Amurka ta yi amfani da gwangwanaye masu ɗauke da sinadarin litiyam haidiroksaid. Yana shan iskar sosai, sai dai da zarar ya cika ya tashi daga aiki, sai a jefar a sa sabo. Tafiyar kwana goma za ta iya jure wannan. Zaman shekaru fa? Dole a sami abin da zai kama iskar, ya sake ta, ya sake kamawa, sau dubbai. Tun a tashar sama ta Skylab ta 1973 injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suka koma ga wani ma'adini da ake kira ziyolait.

Ba sabon abu ba ne. A 1756 wani masanin ma'adinai ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya dumama wani dutse a wuta, sai ya ga yana kumfa yana fitar da tururi. Ruwa ne ke ɓoye a cikinsa. Abin lura shi ne ruwan kan fice ya bar ginin dutsen a tsaye, da ɗakunansa wayam suna jiran wani abin da zai shiga. An daɗe ana kallon wannan a matsayin abin al'ajabi kawai, har zuwa shekarun 1940 da Richard Barrer a Ingila ya fara haɗa shi a ɗakin gwaji. Daga nan Robert Milton da Donald Breck na kamfanin Union Carbide suka samar da nau'o'in da ake kira A da X, aka fara sayar da su a 1954. Yau an san tsarin ziyolait iri sama da 200.

A ido, 'yan ƙananan ƙwallaye ne farare ko ruwan ƙasa, ba su da wani kyan gani. A ciki kuwa ƙwayoyin silikon da alminiyam da oksijin ne suka sarƙe da juna, suka tayar da ɗakuna da lunguna masu girma ɗaya tak, babu babba babu ƙarami. Idan za a shimfiɗa bangon waɗannan lungunan, giram 1 kacal zai rufe fili na ɗaruruwan murabba'in mita.

Ana auna ƙofofin waɗannan ɗakunan da nanomita, wato mita 1 a raba ta gida biliyan. Nau'in 3A ƙofarsa kusan 0.3 ce, 4A kusan 0.4, 5A kusan 0.5. Shi ya sa ake kwatanta shi da rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Nau'in 3A, alal misali, yana barin ruwa ya shiga ya hana manyan ƙwayoyi.

To amma a batun kabon dayoksaid, girma kaɗai bai isa bayani ba, kuma a nan nake so ku natsu. Faɗin ƙwayar kabon dayoksaid kusan 0.33 ne, na naitirojin 0.36, na iskar metan mai ci da wuta 0.38. Dukansu suna iya shiga ƙofar 5A. Me ya sa ɗaya ke maƙalewa sauran su wuce?

Sirrin yana wajen alminiyam. Duk inda ya zauna a ginin, yana barin cajin lantarki na ragi. Don a daidaita, sai ƙwayoyin sodiyam ko kalsiyam masu cajin ƙari su zauna a cikin lungunan. Ita kuma kabon dayoksaid miƙaƙƙiya ce, kabon a tsakiya, oksijin a kowane baki, kuma bakunan biyu suna ɗauke da ɗan cajin ragi. Da ta shigo sai sodiyam ko kalsiyam su fizgo ta, ta manne a bango. Naitirojin ma ana jan ta, amma da rauni ƙwarai. Metan ma riƙon da ake yi mata mai rauni ne.

Kuma riƙon ba na har abada ba ne. Iskar ba ta rikiɗa ta zama wani sinadari ba, mannewa kawai ta yi. A ƙara zafi, ko a rage matsin iska, sai ta saki. Wannan sassaucin shi ne dukan darajar ziyolait.

Sai dai yana da babban abokin gaba, wato ruwa. Ƙwayar ruwa lanƙwasasshiya ce, gefe ɗaya ƙari gefe ɗaya ragi, don haka kamun da ake yi mata ya fi na kabon dayoksaid ƙarfi nesa ba kusa ba. Iska mai laima in ta shiga, ruwa ke mamaye guraben, kabon dayoksaid ta wuce abinta.

Dubi yadda aka bi da wannan a tashar sama. Na'urar tana da tukwane huɗu. Iskar ɗaki, da gumi da numfashin mutane a cikinta, tana fara bi ta tukunyar busarwa, mai ɗauke da silika jel, irin wanda kuke gani a 'yar jaka cikin kwalin sabon takalmi, haɗe da ziyolait 13X. Ta fito a bushe ƙarau, sannan ta shiga tukunyar 5A inda ake kame kabon dayoksaid. A daidai lokacin, ɗaya tukunyar 5A da ta riga ta cika ana gasa ta zuwa kusan digiri 200, a buɗe mata hanya zuwa sarari inda babu iska ko kaɗan, sai ta amayar da abin da ta sha. Iskar da aka tace kuma ba a mayar da ita ɗaki kai tsaye. Ana bi da ita ta tukunyar busarwa ta biyu don ta kwaso ruwan da aka ajiye ɗazu, saboda ruwa a sama ba abin zubarwa ba ne. Bayan wani lokaci bawul ya juya, tukwanen su yi musayar aiki.

Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma ya ba su wahala. Yawan zafi da sanyi yana sa ƙwallayen su goga juna su yi ƙura, ƙurar ta toshe bawul da matata, har 'yan sama jannati su ajiye bincikensu su kwance na'urar su gyara.

A ƙasa ma ziyolait yana aiki ba tare da an san da shi ba. Masana'antun da ke raba iska don samar da oksijin suna sanyaya ta har ƙasa da digiri 180 ƙarƙashin sifili. Kabon dayoksaid tana daskarewa tun a kusan 78 ƙarƙashin sifili, in aka bar ta za ta toshe bututu, don haka 13X ke cire ta tun a ƙofa. Na'urar oksijin da ake jona wa marasa lafiya a asibiti ita ma ziyolait ne a cikinta, sai dai can naitirojin yake riƙewa ya bar oksijin ya wuce.

To me ya hana a ɗora shi a bakin kowace masana'anta a magance ɗumamar yanayi? Hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal yana da kabon dayoksaid kashi 12 zuwa 15 cikin 100, mai ƙona gas kuwa kusan kashi 4, kuma duka biyun jiƙe suke da tururi. Sai an busar, sai an dumama, sai an sa famfo ya zuƙe iska, tunda a nan ƙasa babu sararin da zai yi wannan kyauta. Kowane mataki wuta yake ci, kuma in wutar daga kwal ta fito, an yi tufka ana warwara. Shi ya sa manyan ayyuka irin na rijiyoyin gas na Sleipner a Norwe, da suka fara ware kabon dayoksaid daga iskar gas tun 1996, suka dogara da ruwan sinadarin amin. A ganina duk wanda ya ce muku ziyolait zai share sararin samaniya gobe, ya yi gaggawa. Ƙarfinsa yana inda iskar ta bushe kuma kabon dayoksaid ke da yawa.

Gas ɗin da ake samu daga kashin shanu da shara ya dace da rabin wannan sharaɗi. Kusan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 nasa kabon dayoksaid ne da ba ya ci da wuta. A busar da shi a bi da shi ta ziyolait, metan ta wuce, a sami gas mai ƙarfin da za a dura a tukunya ko a tayar da janareta.

Kayan haɗin kuwa ba su yi mana nisa ba. Farar ƙasa ta kaolin tana ɗauke da silikon da alminiyam daidai wa daida, gwargwadon da nau'in A ke buƙata. A gasa ta a zafin digiri 600 ko fiye, a dafa ta cikin ruwan soda mai ƙarfi, sai ƙwayoyin ziyolait su fara tsirowa. Akwai irin wannan ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun haɗa ziyolait da ita a ɗakin gwaji. Aikin da ya rage shi ne fitar da shi daga kwalbar gwaji zuwa buhu-buhu, a dunƙula shi ƙwallayen da za su sha zafi da sanyi sau dubbai ba su rududduge ba, kuma a haɗa masa matakin busarwa mai araha da zai iya da laimar damina.