Kafin kace "sai mun haɗu a kotu", ina takardarka?

[Hoto: kasuwar Mile 12 a Legas da asuba, ana sauke buhunan albasa daga tirela]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin saƙonnin da suka shigo mana kamar an haɗa baki, mutum uku sana'a uku amma kuka ɗaya. Akwai maigadi a Lekki da oga ya riƙe masa albashin wata huɗu, kullum sai ace masa mako mai zuwa. Akwai yaro ɗan Agege da ya tafi buga ƙwallo ƙasar waje, kulob ɗin ya daina biya, yanzu jakarsa a ɗaure take yana jiran kuɗin jirgi. Sai kuma wani dillalin albasa da ya ba mai gidan abinci kaya na miliyan 2 da rabi akan amana, yau in ya kira sai a kashe waya.

Kuma shawarar da ake basu a majalisa duk iri ɗaya ce, wannan yace kai shi wajen 'yan sanda, wancan yace tattara komatsanka ka bar masa aikinsa, wani yace kai dai kotu kawai. To ku tsaya, akwai abu ɗaya da ake tsallakewa kafin duk wannan, kuma shi ne yake kayar da mutanenmu alhali su ne masu gaskiya.

[Hoto: bakin ofishin 'yan sanda, mutane zaune kan benci]

Bari mu fara sallamar maganar 'yan sanda da sauri. Bashi da albashi da saɓa alkawarin ciniki ba aikinsu bane. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa kwantiragi ko ana binsa kuɗi. Eh na sani ana yi, kowa ya san ana yi, amma in wanda ka sa aka kulle ya samu lauya mai kaifi sai ya maka ka kan take masa haƙƙi, ka wayi gari kai da kake bin bashi kai ake cewa ka biya diyya. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

Kotunan ma kowacce da nata. Duk abin da ya shafi aiki da albashi da kora, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, tun gyaran tsarin mulki na 2010 aka bata wannan hurumin ita kaɗai a sashe na 254C, kuma tana da reshe nan Ikoyi. Bashin ciniki in bai wuce miliyan 5 ba akwai kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018 ƙarƙashin majistare, in ya wuce sai kotun majistare ta yau da kullum ko babbar kotun jiha, gwargwadon yawan kuɗin. Ƙwallo kuma duniyarta daban, zamu zo kanta.

[Hoto: hannu riƙe da biro, farar takarda kan teburin mai shayi]

Yauwa, ga inda nake so mu zauna. Takardar neman haƙƙi. Wasiƙa ce kawai, shafi ɗaya, da zaka rubuta wa wanda kake bi kace masa ga abin da nake binka, ga dalili, ga ranar da nake so ka biya, in baka biya ba ga inda zan nufa. Shikenan. Amma wallahi in kace wa Bahaushe ya rubuta wa ogansa wannan sai kaga jikinsa yayi sanyi, wai kunya, wai ai mutumin nan a hannunsa nake cin abinci, wai ai tsakaninmu amana ce. Ni dai abin yana bani mamaki, domin ayar da tafi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, maganar rubuta bashi take yi. Mu da aka fara gaya wa mu rubuta, mu ne muka fi kowa gudun biro a garin nan.

Me yasa takardar take da nauyi haka? Na farko alƙali bai san ka ba, bai san cewa shekara shida kana buɗe get ɗin nan da ƙarfe biyar na asuba ba, abin da ke gabansa kawai yake gani. In ka shiga da baki, oga ma zai shigo da baki, kuma shi nasa bakin lauya ne ke riƙe da shi. Zai ce ai shi ya gudu ya bar aiki ba sallama, ko yace na biya shi a hannu. Amma in akwai wasiƙa mai kwanan wata da ke cewa ina bin albashin watan kaza da kaza da kaza, kuma har yanzu ina bakin aiki, to maganar wai ka gudu ta mutu tun kafin a fara.

Na biyu, kuma wannan lauyoyi sun fi so, ita ce amsar da wasiƙar take jawowa. Mutum in ya ga takarda sai ya rikice ya amsa, yace haba malam Sani ka ƙara haƙuri zan biya ƙarshen wata. To ai ya amsa bashin kenan da hannunsa. Ko a WhatsApp ya rubuto kada ka goge, kada ka sayar da wayar, dokar shaida ta 2011 ta yarda da saƙon waya da na kwamfuta in an bi ƙa'idar sashe na 84, lauya zai nuna maka yadda ake haɗa masa takardar tabbaci.

[Hoto: allon waya, saƙo da alamar an karanta]

Yanzu me zaka sa a ciki. Kwanan wata a sama, wannan kada ka manta, na sha ganin wasiƙa mai kyau ba kwanan wata, kamar miya ba gishiri. Sunanka cikakke, sunan wanda kake bi, in kamfani ne sunan kamfanin yadda yake a rasit ko a takardar ɗaukar aiki, ba sunan manaja ba, domin manaja gobe zai iya barin wajen. Sai kuɗin, kuma a nan ake kuskure, kada kace ina binka kuɗina masu yawa, rarraba su, watan Janairu dubu kaza, Fabrairu dubu kaza, ko buhu nawa, ranar da aka sauke, nawa aka bada kafin alƙalami, nawa ya rage. Sai wa'adi da lamba, kwana 7 ko kwana 14, ba "nan ba da jimawa ba". Sai lambar asusun da za a tura.

Abin da ba zaka sa ba kuma, zagi. Na san ranka a ɓace yake, amma duk "ɓarawo" da "zaka gani" da "Allah ya isa" ka bar su a bakin mai shayi, domin wannan takardar wata rana za a karanta ta da ƙarfi a gaban alƙali, kuma magana zarar bunu ce. Sannan in ma'aikaci ne kai, kada garin fushi ka rubuta na bar aiki alhali ba haka kake nufi ba.

Kwafi biyu zaka yi. Ɗaya ka miƙa, ɗaya a sa maka hannu da kwanan wata cewa an karɓa, ka ninke ka adana inda ruwan Legas ba zai same ta ba. In sun ƙi sa hannu, kuma da yawa zasu ƙi, tura ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit, ka ɗauki hotonta ka tura ta WhatsApp ma. In Turancin ne matsala samu wanda zai rubuta maka amma ya karanta maka ya fassara kafin ka sa hannu, ba ka dangwala kan abin da baka sani ba.

[Hoto: filin wasa na Agege da yamma, yara na atisaye]

To ɗan ƙwallonmu, kai naka ya fi na kowa haɗari, ka kwance jakar nan tukuna. A dokar FIFA ta 'yan wasa akwai sashe da ake kira 14bis, ya fara aiki a 2018. Abin da yace shi ne in kulob ya riƙe maka albashin aƙalla wata 2, kana da hujjar soke kwantiragi, amma da sharaɗi, sai ka fara sanar da su a rubuce kuma ka basu aƙalla kwana 15 su biya. Kun ji ko, a rubuce, kwana 15. Ba gaya wa koci a filin atisaye ba, ba kiran shugaban kulob a waya ba. In ka yi haka basu biya ba ka tafi da gaskiyarka, ka bi kuɗinka har da diyyar sauran kwantiragin. In kuwa ka hau jirgi ba takarda, kulob ɗin da ya cinye maka albashi shi zai riga ka kai ƙara yace kai ka karya alkawari, a iya cinka tara, a iya dakatar da kai wata 4, kuma kulob ɗin da ke son ɗaukarka sai ya ja baya don ba mai son sayen rigima.

Tunda kulob ɗin na waje ne kai kuma ɗan Najeriya, shari'arku kotun ƙwallo ta FIFA zata je, ɗan wasa baya biyan kuɗin shigar da ƙara, amma in abin ya wuce shekara 2 ba zasu saurare ka ba. Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya ɗaukaka zuwa kotun wasanni ta duniya, CAS, a birnin Lozan na Suwizalan, kuma kwana 21 kacal ake bayarwa. In kuma a gida kake bugawa, kulob na Najeriya, to ta kwamitin NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, da dokokin lig za a bi, ka duba abin da kwantiraginka yace, amma ko a nan ma takardar ce farko.

Af, ku iyaye da yayye masu tura yara ta hannun ejan, don Allah ku riƙa karɓar kwafin kwantiragin ku ajiye a gida. Yaro ya sa hannu a otal da dare, takarda ɗaya tak kuma tana jakar ejan, wannan ai ba kwantiragi bane, addu'a ce.

[Hoto: cunkoson motoci a Obalende, sannan ginin kotu daga nesa]

Alhaji mai albasa, kai kuma a kotun ƙananan basussuka takardar nan dole ce, ba zaɓi ba. Suna da fom nasu na neman biya, ka cike a kai masa, a bashi kwana 14, in bai biya ba sannan a fitar da sammaci, kuma tsarin shi ne a gama shari'ar cikin kwana 60, zaka iya tsayawa da kanka ba lauya. Babbar kotun jiha ma a dokokinta na 2019 sai ka nuna ka rubuta wa abokin shari'a kun nemi sasantawa kafin a karɓi ƙararka.

Masu manyan kwantiragi da kamfanoni kuma, masu kai shanu ko hatsi ko masu tireloli a Apapa, ku juya shafin ƙarshe na yarjejeniyar, can ƙasa inda rubutu yake ƙanana. In an rubuta cewa rigima zata je abitireshan, wato wajen mai raba gardama da ku biyu kuka zaɓa, to dokar abitireshan ta 2023 tace in ka ruga kotu ɗayan ya nuna wannan layin, alƙali zai tsayar da shari'ar ya tura ku can. Can ɗin ma da takardar sanarwa ake buɗe shi.

Kuma ba ina cewa a bar zuwa wajen Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa bane, a'a, sau da yawa nan ne ma ake kashe wutar cikin yini ɗaya, ni kaina na fi son haka. Gwamnatin jiha ma tana da cibiyar sulhu ta kyauta ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, ga kuma Multi-Door, wata cibiyar sasanci da ke haɗe da babbar kotu tun 2002. Amma duk inda kuka zauna aka ce zai biya dubu 200 duk wata, a rubuta, a sa hannu, shaidu su sa, ba a shafa fatiha kawai a watse ba.

[Hoto: kalanda a bango, ana yage shafi]

Saura maganar haƙuri. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma a dokar Legas bashin kwantiragi shekara 6 ne, in ta wuce baka kai ƙara ba kotu ta rufe maka ƙofa ko da duk kasuwa ta san kana binsa. Sai dai in ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, to lissafi sai ya soma sabo daga ranar, kun ga wani amfanin amsar da muka ce a adana kenan.

[Hoto: maigadi zaune bakin get, ya ninke takarda huɗu ya sa a aljihun gaba]

Malam maigadi, kai gobe da safe in oga ya fito zai shiga mota, ka gaishe shi kamar kullum, ka buɗe masa get, sannan ka miƙa da hannu biyu kace ranka ya daɗe ga ɗan saƙo, a sa min hannu a wannan ɗayar. A bidiyo na gaba zamu shiga Ikoyi tare mu ga yadda ake shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata, wane tebur ake fara zuwa da kuma takardun da zaka riƙo.